Wa Ke Auna Larurar Mai Mulki?

Jawabin da aka karanta gaban reshen Cadakori, aka buga shi domin sauran rassa

 

Reshe ya ɗora mana nauyin yin bayani a kan dokar ta-ɓaci, watau dokar nan da mai mulki yakan kafa sa'ad da ya ce ƙasa ta shiga haɗari, har ya hana abin da dā ake yi ba laifi, ya kuma yi abin da dā an hana shi. Mun karɓi wannan nauyi domin magana ce da ta taɓa tukunyar kowa. Ran da aka kafa irin wannan doka, kasuwa ake fara rufewa, babur ake fara tsarewa, mai ɗan jari shi ke fara kwana da yunwa. Saboda haka muna roƙon 'yan'uwanmu na Tibiri da Gidan Rumji da Gidan Sori da Saye Sabuwa, da na Agye da Cadawa da Gazawa, in wannan takarda ta iske su, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba, ko daren kasuwa ne bayan an watse.

Abin da za mu faɗa guda ne. Shari'ar Musulunci ta yarda da larura, amma ta yi mata awo, ba ta kuwa bar tiyar awon a hannun wanda ke cin moriyar larurar ba. In mun fahimci wannan, mun fahimci dalilin da ya sa tilas ƙasa ta kasance da alƙalin da zai duba dokar ta-ɓaci, ya ce wannan ta yi daidai, wannan kuwa ta wuce gona da iri.

Jama'a, wannan ƙasa ta san mulkin da babu mai duba shi. Zamanin Nasara akwai dokar da ake kira andijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure talaka kwanaki, ya ci shi tara, ba alƙali, ba shaida, ba ɗaukaka ƙara. Shi ne mai ƙara, shi ne mai hukunci, shi ne kuma mai gidan kaso. Sai a 1946 aka soke ta, a shekarar da aka soke aikin tilas. Iyayenmu da kakanninmu da suka nemi mulkin kai, irin wannan iko suka ƙi. To, dokar ta-ɓaci da babu mai duba ta, andijena ce ta dawo da rigar ɗan ƙasa.

Yanzu bari mu koma ga abin da malamai suka karantar. Kowane almajiri ya san Allah ya haramta mushe da jini da naman alade, ya kuma san a cikin Suratul Baƙara, aya ta 173, an ɗauke laifi daga wanda larura ta kama, da sharaɗin kada ya zama mai neman abin don sha'awa, kada kuma ya ƙetare iyaka. Rangwame da iyaka a aya guda suka sauka. Mazhabarmu ta Imamu Malik ta fi waɗansu sauƙi a nan, domin a cikin Risala ta Ibn Abi Zaidi an yarje wa matafiyin da yunwa za ta kashe ya ci mushe har ya ƙoshi, ya ma yi guzuri da shi. Amma fa da zarar ya sami halal, sai ya yar da guzurin nan. Ba shi da izinin ya shigo da shi gari ya ce wai ko gobe yunwa ta dawo.

Daga nan malaman fiƙihu suka tsamo ƙa'idodi, aka tattara su cikin littattafai irin Ashbahu wan Naza'ir na Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a Masar a 1505. Wannan malami ba baƙonmu ba ne, gama ya rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Agadas da Katsina tun yana raye. Ga ma'anar huɗu daga cikin ƙa'idodin da malamai suka kafa, a bakinmu na Hausa. Ta farko, larura takan buɗe ƙofar da ke rufe. Ta biyu, gwargwadon larura gwargwadon buɗewa. Ta uku, abin da uzuri ya halatta, ranar da uzurin ya kau ya koma haramun. Ta huɗu, larurarka ba ta cinye hakkin wani, in ka ci hatsin maƙwabci don kada ka mutu, hatsin nan yana da mai shi. Masu mulki sun haddace ta farko sarai. Sauran ukun su ne aikinmu mu riƙa tuna musu.

A nan wani zai ce, ai matafiyin nan shi kaɗai ya auna yunwarsa, ba wanda ya kai shi gaban alƙali, don me mai mulki ba zai auna larurar ƙasa da kansa ba? Amsa ita ce, matafiyi cikinsa ya cika da mushe, in ya yi ƙarya tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Mai mulki kuwa in ya ce larura, abin da zai ci hakkin mutane ne, watau 'yancinsu na tafiya, da kasuwarsu, da dukiyarsu, da bakinsu. Imamu Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, ya bayyana a cikin littafinsa Furuƙ cewa duk mai riƙe da wani iko, tun daga halifa har zuwa wasiyyin maraya, ba shi da izinin zartar da kome sai abin da ke jawo amfani ko ya kau da ɓarna ga waɗanda yake riƙo. Abin da ya fita daga wannan, ikonsa bai kai can ba. Ku lura da yadda ya haɗa sarki da wasiyyin maraya a igiya ɗaya. Wasiyyi in ya sayar da gonar maraya ya ce larura ce, alƙali yana da ikon ya kira shi ya tambaye shi, ina larurar, nawa ka sayar, ina kuɗin. Wanda aka ba riƙon ƙasa duka ya fi cancanta a tambaye shi.

Magabata kuwa da aiki suka nuna wannan. A shekara ta 18 bayan Hijira aka yi yunwar da ake kira Ramada a Madina. Sayyidina Umar ya ɗage haddin sata ga wanda yunwa ta tura, ya jinkirta karɓar zakka, shi kansa kuma ya bar cin man shanu da nama har jama'a suka wadata. Ku dubi inda nauyin larura ya faɗa. Talaka aka sauƙaƙa wa, shugaba ya ƙuntata wa kansa. Da yunwa ta wuce, hukunci ya koma yadda yake.

Malaman tarihi, Ɗabari da Balazuri, sun kawo labarin mutanen Samarƙandu, waɗanda suka kai kuka wurin halifa Umaru ɗan Abdul'azizu, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, cewa rundunar Musulmi ta shiga garinsu ta hanyar yaudara. Halifa ya sa aka naɗa musu alƙali. Alƙali ya saurara, ya yanke hukunci runduna ta fita bayan gari. Mutanen garin da suka ga haka suka yarda a zauna yadda ake. Al'amarin yaƙi ne, na mayaƙa masu takobi, amma bai fi ƙarfin zauren alƙali ba.

Haka kuma Ibn Hallikan ya kawo cewa Yusufu ɗan Tashfin, sarkin Murabiɗai, ya nemi a tara masa gudummawar yaƙi daga talakawan Andalus, waɗansu malamai suka ba shi fatawa cewa ai Sayyidina Umar ma ya yi. Alƙalin garin Almariya ya ƙi. Ya aika masa cewa sai in ya shiga masallaci gaban malamai ya rantse babu ko dirhami ɗaya a baitulmali, sa'an nan a duba maganarsa. A Masar ma, gabanin yaƙin Ainu Jaluta na 1260, ga Tatar sun rushe Bagadaza suna tafe, sarki Ƙuɗuzu ya so ya aza wa jama'a haraji. Shaihu Izzuddini ɗan Abdussalami ya ce ba a taɓa dukiyar talaka sai baitulmali ya ƙare, sai manyan mayaƙa sun sayar da kayan adonsu na zinariya sun rage daga doki sai makami. Haɗarin gaskiya ne, babu mai musu, amma duk da haka aka ce wa sarki ya kawo shaida, ya kuma fara da kansa.

Har ma'aikata guda shari'a ta tanada domin wannan, ita ce wilayar mazalim, watau zauren sauraron zaluncin masu iko. Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa ayyukanta a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, na farkonsu kuwa shi ne duba yadda gwamnoni ke tafiyar da talakawa, ko da babu wanda ya kawo ƙara. A ƙasar Hausa, Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa littafi a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Ko a al'adar sarautarmu, Sarkin Gobir ba ya hawa sai Taran Gobir sun zaɓe shi, a Maraɗi kuwa akwai rukuni huɗu, Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. Duk wanda ya ce muku duba aikin sarki baƙon abu ne da Nasara suka kawo, bai san gidansu ba.

To, yanzu mu zo kan abin da ya faru a ƙasarmu a 2009, domin a nan ne aka gwada wannan magana a fili. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce shugaban ƙasa wa'adi biyu zai yi na shekara biyar-biyar, ya kuma hana a taɓa wannan sharaɗi. Marigayi Tanja Mamadu, Allah ya jiƙansa, an zaɓe shi a 1999, aka sake zaɓensa a 2004, ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai kiyaye kundin, wa'adinsa kuma zai cika ran 22 ga Disamba 2009. Sai aka ta da maganar tazarce. Ba mu musun cewa mutanen karkara da yawa suna sonsa, gama sun ga ajujuwa da ɗakunan shan magani da aka gina a zamaninsa. Amma so daban, alkawari daban.

Ran 25 ga Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki, mai alƙalai bakwai, a ƙarƙashin Malama Salifu Fatimata Bazai, ta ba da ra'ayinta cewa shugaba ba zai iya kiran ƙuri'ar raba gardama don sauya kundi ba tare da ya karya rantsuwarsa ba. Kashegari, ran 26 ga Mayu, ya rushe Majalisar Dokoki. Ya fid da dokar kiran ƙuri'ar. Ran 12 ga Yuni kotu ta soke wannan doka, kundin kuwa ya ce hukuncinta ba a ɗaukaka shi, ya hau kan kowane mai iko, na farar hula da na soja. Ran 26 ga Yuni sai shugaba ya ɗauki aya ta 53, ta ikon musamman na lokacin haɗari, ya ce 'yancin ƙasa na cikin barazana. Bayan kwana uku, ran 29 ga Yuni, ya rushe kotun kanta, aka naɗa waɗansu alƙalai. Aka yi ƙuri'a ran 4 ga Agusta, aka ba da sanarwar cewa fiye da kashi 92 cikin 100 sun amince, aka ƙara masa shekara uku.

Bari mu aza wannan aiki a kan tiyar shari'a. Da fari, ina larurar? Aya ta 53 ta ce sai haɗari ya zama babba kuma na nan take, har ma'aikatun ƙasa sun kasa aiki. A watan Yunin nan babu abokin gāba da ya ƙetaro iyaka, kotu kuma tana aikinta, abin da ya faru kawai ta faɗi abin da ba a so ji ba. Wanda ya toshe rijiyarsa da hannunsa ba ya kiran kansa mai larurar ruwa. Na biyu, ina awon? Ayar nan ta ba Majalisa ikon duba tsawon lokacin, ta kuma tsai da shi in an yi ɓarna, ta hana a rushe Majalisar muddin ana aiki da wannan iko. Amma an riga an rushe ta wata guda kafin nan, mai riƙe da tiya an sallame shi tun ba a fara awo ba. Na uku, don amfanin wa? Ayar ta ce manufar ikon ita ce a mai da ma'aikatun ƙasa kan aikinsu cikin gaggawa, sai ga shi an yi amfani da shi an kau da su, wanda ya ci riba kuwa shi ne mai riƙe da ikon. A ma'aunin Ƙarafi wannan wasiyyi ne ya sayar wa kansa gonar maraya.

Kun san ƙarshen labari. Ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta dakatar da Nijar a watan Oktoba 2009. Ran 18 ga Fabrairu 2010 sojoji a ƙarƙashin Salu Jibo suka kifar da gwamnati da rana tsaka. Ƙofar alƙali da aka rufe, bindiga ce ta buɗe wata. Ga kuma abin da ya kamata kowane mai mulki ya rubuta a allonsa. Sa'ad da aka tsare Tanja ba shari'a, wurin alƙali aka kai kukansa, kotun ƙungiyar nan ta Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a watan Nuwamba 2010 cewa tsarewar ba ta kan ƙa'ida, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta sa aka sake shi a watan Mayu 2011. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Alƙalin da ka raina yau kana bisa gado, shi za ka nema gobe in ka sauka.

Kada mu zaci mu kaɗai ne wannan cuta ta kama. Aya ta 53 ɗin nan daga aya ta 16 ta kundin Faransa na 1958 aka kwafo ta. Janar Dagol ya ɗauke ta ran 23 ga Afrilu 1961 saboda tawayen janar-janar a Aljeriya. Tawayen ya mutu cikin 'yan kwanaki, amma ya riƙe ikon har ƙarshen Satumba, wata biyar. A 1962 babbar kotunsu mai duba ayyukan gwamnati ta ce ba ta da hurumin duba dalilin ɗaukar ayar. Sai a 2008 suka gyara, suka ce bayan kwana 30 'yan majalisa 60 na iya kai maganar gaban majalisar tsarin mulki, bayan kwana 60 kuwa ta duba da kanta ko ba a kai mata ba. Shekara 50 suka yi kafin su isa inda malamanmu suka tsaya tun tuni. A Pakistan kuma, ƙasar Musulmi, Janar Ziya'ul Haƙ ya karɓe mulki a 1977 da alkawarin zaɓe cikin kwana 90, kotun ƙoli ta halatta masa da sunan larura, ya zauna har ya rasu a 1988. Wannan ya nuna samun alƙali kaɗai bai isa ba, sai alƙalin ya haddace ƙa'idodin nan huɗu duka. Kotun nan kuwa ta gyara tafiyarta, domin ran 31 ga Yuli 2009, kwana huɗu kafin ƙuri'ar tazarce a nan, ta yanke cewa dokar ta-ɓacin da Janar Musharraf ya kafa a 2007 ta saɓa wa kundi.

'Yan'uwa, akwai kuma larurar gaskiya, ita ma tana bukatar awo. A farkon Fabrairu 2015 'yan Boko Haram suka afka wa Boso da Difa, ran 10 ga watan aka kafa dokar ta-ɓaci ta kwana 15 a jihar Difa. Babu mai hankalin da zai ce babu haɗari. Amma aka yi ta sabunta ta wata uku-uku shekara da shekaru. Aka hana hawan babur, aka rufe waɗansu kasuwanni, aka hana cinikin tattasai da kifi, alhali su ne abincin mutanen bakin Komadugu da tafkin Cadi. Tattasai sai a 2017 aka sake shi, kifi kuwa sai a 2019. Tambayar shari'a a nan ita ce, shin hana kowa da kowa shi ne gwargwadon larurar, ko akwai hanya mafi sauƙi? Wa ya biya masunci da ɗan kabu-kabu abin da suka rasa, tun da larurar ƙasa ba ta cinye hakkinsu? A 2020 ma, lokacin annobar korona, aka hana jam'i a masallatai a watan Maris, hankalin jama'a ya tashi, aka buɗe ran 13 ga Mayu. Shari'a ta san killace gari saboda annoba, Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda ita. Abin da talaka ke bukata shi ne a faɗa masa dalili, a faɗa masa rana, a nuna masa ƙofar da zai kai kuka.

Mu a nan wannan magana ba ta da nisa da mu. Tun 2019 'yan'uwanmu daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke gudowa saboda 'yan bindiga, Cadakori kuwa tana cikin garuruwan da aka zaunar da su, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi ƙauyukan bakin iyaka. Muna son hukuma ta yi ƙarfi a kansu, muna kuma addu'a ga sojojin da ke kwana a daji. Amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sami mai tattasai a Difa yana iya samun mai gyaɗa da mai wake a nan.

Akwai magana biyu da za a tare ku da su a kasuwa, ga amsarsu. Wani zai ce kundin tsarin mulki takardar boko ce, ta ma raba addini da hukuma, ina ruwan shari'a da ita? Ku ce masa kundi alkawari ne tsakanin mai mulki da jama'a, mubaya'a ce mai sharaɗi, ayar farko ta Suratul Ma'ida kuwa umurni ne da cika alkawura. Wanda ya dafa Alƙur'ani ya rantse zai kiyaye wata takarda, shi da kansa ya shigar da ita ƙarƙashin hukuncin rantsuwa. Wani kuma zai ce an umurce mu da ɗa'a ga shugabanni, jayayya da su fitina ce. Ku ce masa gaskiya ne, amma ya ƙarasa ayar, ta 59 cikin Suratun Nisa'i, domin a cikinta aka ce in an yi saɓani a mai da al'amari ga Allah da Manzonsa. Mai da al'amari yana bukatar wanda za a kai wa. Kai ƙara gaban alƙali shi ne maganin fitina, gama mutumin da ke da zauren da za a saurare shi ba ya neman sanda.

Kundin 2010 ya ɗauki darasi daga abin da ya faru, ya hana a rushe ko a dakatar da wata ma'aikatar ƙasa muddin ana aiki da ikon musamman. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ran 26 ga Maris 2025 kuma aka ƙaddamar da takardar sake gina ƙasa wadda ta ɗibi shekara biyar. Ko ba jima ko ba daɗe za a zauna a rubuta wani kundi. Ranar nan kada ta same mu muna barci. Ga abin da muke ba rassa shawara su riƙe, su nema da baki ɗaya.

Na ɗaya, duk dokar ta-ɓaci ta faɗi dalilinta a rubuce, da yankin da ta shafa, da ranar ƙarewarta, a kuma karanta ta da Hausa da sauran harsunan ƙasa a gidajen rediyo.

Na biyu, kada a sabunta ta sai wakilan jama'a sun zauna sun ji shaida sabuwa, domin uzurin bara ba ya halatta abin bana.

Na uku, kotu ta duba ta da kanta bayan 'yan kwanaki ƙididdigaggu, ko da babu mai ƙara, kamar yadda zauren mazalim yake yi. Talaka kuma ya sami hanyar kai kukansa daga garinsu, ba sai ya sayar da akuya ya tafi Yamai ba.

Na huɗu, kada mai mulki ya sami ikon tuɓe alƙalan da ke duba shi, ko ya taɓa kundi, ko ya ƙara wa kansa wa'adi, muddin dokar tana aiki. Ba a ba kura ajiyar nama.

Na biyar, wanda aka rufe wa hanyar abinci don amfanin kowa, a biya shi daga baitulmali, manya kuma su fara rage nasu kafin a taɓa na talaka.

Kafin wannan rana, kowane reshe ya sami littafi guda. In an kafa wata doka ta gaggawa a yankinku, magatakarda ya rubuta ranar da aka kafa ta, da dalilin da aka bayar, da abin da ta hana, da asarar da mutane suka yi, ba ƙari ba ragi, domin alƙali da shaida yake aiki. Ku kai wannan takarda ga limamai da malaman zaure, ku roƙe su su duba littattafan da muka ambata, su karantar da babin larura har ƙarshensa. Ku yi wannan duka cikin ladabi da natsuwa, ba zagi, ba jifa.

Allah ya ba shugabanninmu tsoronsa, ya ba alƙalanmu ƙarfin zuciya, ya ba talakawa haƙuri da sanin hakkinsu. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da 'yan gudun hijira gidajensu cikin aminci. Amin.